Maganin Asma Sai Ya Kai Huhu: Lacca Kan Amfani da Inhela da Nebulaiza



Malam shugaban taro, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, masu shagunan magani da nake hangowa a sahun baya, da ku masu fama da wannan ciwo da kuka daure wa zafin bazara kuka fito, ina yi muku barka da zuwa. Yau Talatar farko ce a watan Mayu, ranar da ake tunawa da cutar asma a duniya, al'adar da aka faro tun shekarar 1998.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da asma, kuma a shekarar kaɗai ta yi ajalin mutum 455,000. Mafi yawan mamatan a ƙasashe irin namu suke, masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, asma ba ta cikin cututtukan da suka gagari likitoci. Maganinta sananne ne, ya haura shekara 50 a kasuwa, kuma a aljihun riga ake sa shi. Akwai waɗanda ba su da halin saye, wannan magana ce ta kuɗi da hukuma, zan taɓo ta. Amma akwai jama'a masu yawa da suka saya da guminsu, yana hannunsu, suna fesawa safe da yamma, alhali ba ya isa inda ciwon yake. Ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da ƙa'idojin kula da asma ga likitocin duniya, ta ce kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na marasa lafiya ba sa amfani da inhela yadda ya kamata. A kan waɗannan bayin Allah nake so mu tsaya yau.

Iskar da muke shaƙa tana gangarawa ta maƙogwaro, ta rabu biyu, ta yi ta rarrabuwa cikin ƙananan hanyoyi sirara har ƙarshen huhu. A ƙirjin mai asma, bangon waɗannan hanyoyi a kumbure yake ko da ranar da yake jin kansa garau. Da ƙurar hunturu ta shiga, ko hayaƙin icce, ko turaren wuta, ko maganin sauro na kunnawa, ko hayaƙin janareta, ko mura ta kama shi, sai naman da ke zagaye da hanyoyin ya tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana fito. Ke nan matsala biyu ce: kumburin da ke kwance kullum, da tsukewar da ke tasowa lokaci zuwa lokaci. Kowacce da maganinta.

Wanda kowa ya sani shi ne salbutamol, inhelar nan shuɗiya da aka fara sayarwa a Ingila a 1969 da sunan Ventolin. Aikinta sassauta naman da ya tsuke. Cikin 'yan mintoci mutum zai ji ƙirjinsa ya buɗe, kuma sauƙin kan kai awa huɗu zuwa shida. Shi ya sa ake ƙaunarta. Sai dai ba ta taɓa kumburin ko kaɗan. Mai maganin kumburi ita ce ɗayar, wadda galibi take zuwa a launin ruwan ƙasa, mai ɗauke da beclomethasone ko budesonide ko fluticasone. Ita ba a jin aikinta nan take. Sai an jera kwanaki, wani lokaci makonni, ana shaƙa kullum kafin a lura tarin dare ya ragu. Nan ne mutanenmu ke karaya. Mutum ya shaƙi ruwan ƙasa kwana uku bai ji komai ba, sai ya jefa ta a durowa ya ce ba ta yi, ya koma wa shuɗiyarsa.

Jama'a, wanda ya dogara da shuɗiya kaɗai kamar mai ɗakin da ke yoyo ne, duk lokacin da aka yi ruwa sai ya tara kwano, bai taɓa hawa ya gyara rufin ba. Kwanon yana da amfani, amma ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ba zai ɗauka ba. A shekarar 2019 GINA ta sauya shawarar da aka shafe gomman shekaru ana bi, ta ce kada a ƙara barin baligi ko matashi a kan salbutamol kaɗai, dole a haɗa masa da mai maganin kumburi. An gano cewa wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye na shuɗiya a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo, wanda kuwa ke ƙarar da ɗaya duk wata, rayuwarsa ce ke cikin haɗari. Yanzu ma akwai inhela guda da ta haɗa budesonide da formoterol, wadda ke buɗe ƙirji da sauri kuma tana kwantar da kumburi a shaƙa ɗaya. Wanda ya samu hali ya tambayi likitansa a kanta. Kuma kada a dogara da launi kawai, domin kamfanoni sun yi yawa, kowa da kalar robarsa. A karanta sunan maganin, ko a sa mai karatu ya karanta.

Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya riƙewa. Idan kana neman shuɗiya fiye da sau biyu a mako, ko tari da sarƙewar numfashi suna tashinka daga barci, ko ka daina wani aiki da ka saba saboda haki, to ciwonka bai kwanta ba, ko da kana ganin kana lallaɓawa.

Yanzu mu zo kan hannu, domin nan ne gizo ke saƙar. Abin da muke gani a asibiti kusan iri ɗaya ne. Magidanci zai zaro inhela daga aljihu, bai girgiza ba, ya sa a baki, ya danna sau biyu a jere, fit fit, sannan ya ja numfashi da ƙarfi, ya buɗe baki ya ci gaba da magana. Kana kallo farin hayaƙin yana fita ta bakinsa. Abin da bai fita ba ya manne a harshe da ganɗa, ya haɗiye shi da yawu. Sai ya ce, “Likita, maganin nan ya daina yi mini.” Maganin bai samu shiga ba ne balle ya yi.

Ku dubi hannuna. Na cire murfi, na leƙa ciki ko akwai datti, domin aljihu ba ya rabo da ɓawon gyaɗa da ɓarɓashin goro, kuma mutum na iya zuƙe su zuwa huhu. Na girgiza sosai, saboda maganin da iskar da ke turo shi suna rabuwa idan an ajiye. Na riƙe ta a tsaye, gwangwanin yana sama, wurin bakin yana ƙasa. Na miƙe zaune ko tsaye, na ɗan ɗaga haɓa. Na fitar da numfashi a hankali, gefe guda. Na sa a baki tsakanin haƙora, na rufe leɓɓa ruf, harshe a kwance. Sai na fara jan numfashi a hankali, ina cikin ja in danna sau ɗaya, in ci gaba da ja har ƙirji ya cika, kamar daƙiƙa huɗu ko biyar. Na cire, na rufe baki, na riƙe numfashi ina ƙirga goma a zuci, ko iya abin da zan iya. In an ce in yi biyu, sai in jira rabin minti, in sake girgizawa, in maimaita daga farko. A hankali ake ja, iyayena. Wanda ya fizgi numfashi, maganin bangon maƙogwaro zai doka ya tsaya a nan.

In sabuwa ce, ko ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, a fesa sau biyu a iska tukuna. In mai maganin kumburi ce, a kurkure baki a tofar bayan an gama, don kada fararen ƙuraje su fito a baki ko murya ta dishe.

Gaskiyar magana, haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci guda yana da wuya. Yaro ba zai iya ba, tsoho mai rawar hannu ba zai iya ba, kuma duk gwanintar mutum, in ciwo ya taso yana haki ba zai iya ba. Ko a hannun gwani, abin da ke kaiwa huhu a yawancin irin wannan inhela bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Don haka aka ƙirƙiro sifesa, wata 'yar gora ta roba da ake cusa inhela a gindinta, mutum ya sa baki a ɗaya gefen. Ana fesa maganin a ciki, ya tsaya yana yawo, mai ciwon ya shaƙe shi da numfashinsa na yau da kullum, sau biyar ko shida. Ba sai an yi saiti ba. Fesawa ɗaya ake yi, a shaƙe, a girgiza, sannan a sake. In aka fesa huɗu a tare, ƙwayoyin maganin sai su dunƙule su manne a jikin robar.

Na san wani zai ce ina za a samu sifesa, kuma nawa take. A nan ina so ku ji wani aiki da aka yi a nahiyarmu. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, wata likitar yara mai suna Heather Zar da abokan aikinta sun gwada gorar lemo ta roba mai cin mililita 500 a kan yara masu tashin asma, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 1999. Sun samu cewa gorar, in an huda ta daidai an toshe gefen, tana aiki kamar sifesar kamfani. Kofin roba kuwa da wasu ke amfani da shi bai yi abin kirki ba. Yadda ake yi: a samu gora mai tsabta, a wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke, kada a goge cikinta da tsumma, a kife ta ta bushe da kanta. A lanƙwasa waya daidai siffar bakin inhelar, a gasa ta a wuta, a ɗora a gindin gorar ta narka rami. Tun robar tana da ɗumi a tura bakin inhelar ya zauna daram, ba wurin da iska za ta tsere. Bakin gorar shi ne wurin shaƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a yi wannan yau da rana tsaka, a rataye ta inda kowa a gidan ya sani. Ƙarfe biyun dare, ba wuta, yaro yana haki, ba lokacin neman waya ba ne.

Ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara huɗu, ba sa iya kama bakin gora da leɓe, sai da takunkumin da ke rufe hanci da baki. Iyayena mata, ku saurara da kyau. Mun sha ganin uwa ta danne yaro a cinya, yana tsala ihu, ta fesa masa a baki, tana cewa ai gara da yake kuka, bakin a buɗe yake. Yaro mai kuka fitar da iska yake yi da ƙarfi, abin da yake ja ciki kaɗan ne, maganin ba ya sauka. Ki rungume shi, bayansa a ƙirjinki, ki lallashe shi. Ranakun da yake lafiya ki bar shi ya yi wasa da takunkumin, ki sa a fuskarki ya gani, ki sa wa yayansa. Ranar buƙata ba zai tsorata ba. Kuma takunkumin ya manne da fuska, domin ɗan ramin da yatsa zai shiga ya isa ya zubar da yawancin maganin. In mai maganin kumburi ce, a goge masa fuska da ruwa bayan an gama.

Akwai wata irin inhela ta gari, wadda ba a dannawa, sai dai a murɗa gindinta ko a ja wani ɗan hannu har ta yi ƙas. Dokarta ta saɓa wa ta farko. Ita da ƙarfi ake zuƙa, zuƙa mai zurfi tun daga farko, domin numfashinka ne ke ɗauko garin. Ba a girgiza ta, ba a sa ta a sifesa, kuma ba a hura numfashi a cikinta, don laima tana dunƙule garin. Wanda aka sauya masa daga wannan zuwa waccan, lallai a sake koya masa.

Sai nebulaiza, na'urar nan mai ƙara da ke mayar da ruwan magani tururi. Mutanenmu suna girmama ta ƙwarai. Da an ga na'ura da waya da tururi yana tashi, sai zuciya ta kwanta cewa yanzu ne aka ba da magani na gaske. Ina so in faɗa muku abin da bincike ya nuna, an kuma maimaita shi a ƙasashe da dama: a tashin asma wanda bai kai na halaka ba, shuɗiya da sifesa suna yin aikin da nebulaiza ke yi, a yara da manya. Magani ɗaya ne a cikinsu. Bambancin shi ne nebulaiza tana cin mai yawa. 'Yar robar ruwan salbutamol guda tana da miligiram 2.5, wato daidai da fesawa 25, shi ya sa bugun zuciya da rawar jiki suka fi yawa da ita. Ga shi tana son lantarki, mu kuwa mun san halin wutarmu.

Tana da wurinta. A asibiti, idan ciwo ya yi tsanani, ana haɗa ta da iskar oksijin, ana kuma ƙara wani magani mai suna ipratropium. Akwai kuma wanda jikinsa ya yi raunin da ba zai iya da sifesa ba. Wanda likita ya ba shi ita a gida, ya zauna a miƙe, takunkumi ya kama fuska, ya yi numfashi yadda ya saba har tururin ya fara yankewa, minti 10 zuwa 15. Riƙe takunkumin nesa da fuskar yaro ana kaɗa masa tururi ɓarnar magani ce. Ba a zuba komai a kofin sai maganin da aka yi dominta. In za a sirka, da ruwan gishirin asibiti ake sirkawa, ban da ruwan leda, ban da ruwan rijiya. Ban da dakakkiyar ƙwaya, ban da maganin tari na kwalba, ban da man zafi ko man habbatussauda, domin mai in ya shiga huhu ciwo yake haifarwa. Bayan kowane amfani a wanke kofin da takunkumin, a bar su su bushe. Kofin da aka bari da danshi gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma kai tsaye huhu za a tura su. Kada gida biyu su yi tarayya a takunkumi ɗaya, musamman a ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba.

Babban tsorona da nebulaizar gida shi ne jinkiri. Ana yi wa mutum, ya ɗan samu sauƙi, bayan awa ɗaya a sake, a sake, har gari ya waye, a iso asibiti a makare. To ga abin yi in ciwo ya taso. A zaunar da shi, kada a kwantar. A ba shi shuɗiya ta sifesa, ɗaya bayan ɗaya, huɗu zuwa goma ga babba da yaron da ya kai shekara shida, biyu zuwa shida ga wanda bai kai ba. In bai sassauta ba a maimaita bayan minti 20, ana yi ana neman abin hawa. Idan ba ya iya ƙarasa magana sai ya yanke, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa suna lotsawa, ko jariri ya kasa kama nono, ko harshe da cikin leɓe sun sauya launi sun yi toka-toka, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, ba sauran jira. Wanda ƙirjinsa ke fito sai fiton ya ɗauke alhali yana nan yana wahala, kada a ce sauƙi ne ya samu. Iskar ce ta daina wucewa. A tafi asibiti, ana ba shi shuɗiya a hanya.

Akwai maganganun da ke yawo a gari waɗanda suke cutar da mutane. Ana cewa in ka fara shaƙa ka shiga ke nan, jiki zai saba, gara ƙwaya. Ku yi lissafi da kanku. Ƙwayar salbutamol ta manya miligiram 4 ce, fesawa ɗaya kuwa maikirogiram 100. Ƙwaya guda ta ninka fesawa sau 40, kuma sai ta bi ciki, ta shiga jini, ta zaga zuciya da sauran jiki kafin kaɗan ya je huhu. Inhela ita ce mafi sauƙi a jiki. Ba ta sa maye, ba ta kama mutum. Abin tsoro shi ne prednisolone da dexamethasone da ake saya a kemis ana sha wata da watanni ba da sanin likita ba, su ne ke kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Mai juna biyu kada ta ajiye inhelarta, domin numfashinta shi ne numfashin abin da ke cikinta. Budurwa kuma kada a ɓoye mata magani don gudun abin da dangin miji za su ce. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ba a ɗaukarsa ta zama tare, kuma mai shi yana iya karatu, noma, ƙwallo da haihuwa lafiya lau.

Game da azumi, malamai sun yi saɓani. Shaihu Bin Baz da Shaihu Usaimin suna cikin waɗanda suka ce fesawa ba ta karya azumi, wasu kuma suna ganin a rama. Kowa ya tambayi malaminsa tun kafin watan ya kama. Ta ɓangarenmu, mai maganin kumburi ana iya shaƙar ta da sahur da bayan buɗa-baki. In kuwa numfashi ya sarƙe da rana, ba malamin da ya ce a zauna a halaka.

Batun tsada gaskiya ne. Tun da kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar da janye harkokinsa na kai tsaye daga Najeriya a watan Agustan 2023, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo. Salbutamol na wani kamfanin, muddin yana da lambar NAFDAC kuma daga amintaccen shago ya fito, aiki ɗaya yake yi da Ventolin. Tsadar ma dalili ce ta kada a ɓarnatar. Gwangwanin maganin kumburi mai fesawa 200, in ana yin biyu safe biyu yamma, kwana 50 zai yi. A rubuta ranar da aka fara a jikin kwalin, domin gwangwanin kan ci gaba da huci bayan maganin ya ƙare, kuma jefa shi a ruwa don a ga ko zai nutse ba ya nuna gaskiya. Kada a bar shi a mota ko a taga a wannan zafin, kada a jefa shi a wuta ko ya ƙare. Ina kuma kira ga hukumomin lafiya na jihohinmu da su sa mai maganin kumburi da sifesa a ƙananan asibitoci da tsarin inshorar lafiya, domin kuɗin kwanciya ɗaya a gadon gaggawa ya isa ya riƙe mutum watanni.

Ku masu shagunan magani, ku ne mutane suka fi gani, kun riga mu ganin mai asma. Wanda ya dawo sayen shuɗiya wata bayan wata, ku gaya masa gaskiya, ku tura shi asibiti. Wanda ya saya, kada ku miƙa masa a leda kawai, ku buɗe kwalin ku nuna masa. Mu ma'aikatan asibiti, tambayar “ka iya amfani da ita?” ba ta wadatar ba, kowa zai ce ya iya. A ce ya yi a gabanmu, duk zuwa, kafin a yi tunanin ƙara masa magani.

Mun ajiye tebura a bakin ƙofa, akwai ma'aikatan jinya da gorori da waya da kurfoti. Duk wanda ya zo da inhelarsa ko ta ɗansa, don Allah kada ya wuce sai ya tsaya ya shaƙa a gabansu an duba hannunsa. Wanda ya baro tasa a gida, ya zo da ita asibiti ranar ganin likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.